Makaɗan Ƙauyukan Amurka Da Yadda Waƙarsu Ta Shiga Faifai

Da yawa cikin masu karatunmu sun taɓa jin muryar Jim Reeves ko ta Don Williams, ko a akwatin rediyo ko a cikin motar haya, mutum yana waƙa a hankali da jita, ba gaggawa ba hayaniya, har wanda bai ji Turanci ba ya gane akwai abin da ke damun mai waƙar nan. Irin wannan kiɗa shi mutanen Amurka su ke kira kantiri, watau kiɗan karkara. Yau ya zama babban ciniki, har yana da birninsa, Nashbil, a cikin jihar Tenesi. Amma waɗanda suka fara shi talakawa ne, manoma da leburorin jirgin ƙasa da ma'aikatan masaƙa, waɗanda mutanen birni su ke yi wa dariya suna ce musu 'yan ƙauye. Labarinsu mu ke so mu ba ku yau. Muna kuwa roƙonku ku lura da abu guda tun daga farko har ƙarshe. Mutane da yawa suka taru suka gina kiɗan nan, amma ba dukansu sunansu ya shiga littafi ba, kuma wanda sunansa ya shiga littafi shi ya ci moriyar abin.

Inda Abin Ya Samo Tushe

A gabashin Amurka akwai wani dogon jerin duwatsu da a ke kira Afalashiya, ya miƙe daga arewa zuwa kudu, ya ratsa jihohin Bajiniya da Kentaki da Tenesi da Karolina ta Arewa, har Jojiya da Alabama. Tun cikin ƙarni na 18 talakawan Ingila da Sikotlan da arewacin Ailan suka yi ta ƙaura suna zama cikin lungunan duwatsun nan. Sun zo da goge irin na Turawa, da tsofaffin waƙoƙin kakanninsu, na soyayya da na kisan kai da na hatsarin teku. Da ya ke hanya ba ta da kyau, baƙo bai cika zuwa ba, sai waƙoƙin suka zauna a bakin mutane, uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. Wani Bature masanin kiɗa, Cecil Sharp, ya taso daga Ingila ya yi ta yawo cikin duwatsun tsakanin 1916 da 1918, shi da mataimakiyarsa Maud Karpeles, suka rubuta karin waƙa sama da 1,600. Ya tarad da waɗansu waƙoƙin da aka riga aka manta da su a Ingila suna nan daram a bakin tsofaffin matan ƙauye.

Wannan rabin tushen ke nan. Ɗaya rabin daga wannan nahiya tamu ya tafi. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da sanin yadda a ke fafe duma, a rufe shi da fata, a sa masa sanda da tsirkiya. Abin kiɗan da suka riƙa haɗawa a gonakin rake na tsibiran Karebiyan da gonakin taba na Amurka shi ya zama banjo. Masana sun nuna dangi ne da akontin na mutanen Jola a Sanagal da Gambiya, kuma duk wanda ya san gurmi ko molo ko garaya, in ya ga hoton banjo na farko, zai gane gidansu ɗaya. Cikin ƙarni na 19 Turawa suka karɓe shi, masana'antu suka shiga ƙera shi da katako da ƙarfe. Gogen Turai da banjon Afirka su suka riƙe filin rawa na ƙauye, daga baya jita ta iske su. Sai kuma aka ƙara da waƙoƙin coci, da waƙoƙin baƙin ciki na baƙar fata waɗanda a ke kira bulus. Dokar jihohin kudu ta raba fari da baƙi a makaranta da jirgin ƙasa da gidan abinci, amma ba ta iya toshe kunne ba. Suna aiki a hanyar jirgi ɗaya da ramin kwal ɗaya, kowa yana ɗaukar karin ɗan'uwansa.

Zuwan Garmaho

Har 1922 kamfanonin faifai na Niyok ba su zaci akwai wanda zai fid da kuɗinsa ya sayi kiɗan 'yan ƙauye ba. A shekarar nan wani mai goge daga Tekzas, Eck Robertson, ya je ofishin kamfanin Victor ba wanda ya kira shi, ya nemi a ɗauki kiɗansa, aka kuwa ɗauka. A watan Yuni na 1923 wani ma'aikacin kamfanin Okeh, Ralph Peer, ya kai na'urar ɗaukar murya birnin Atlanta, ya ɗauki wani dattijo mai goge, John Carson, wanda ya yi shekaru yana aikin masaƙa yana kuma kiɗa a bakin titi. Aka buga faifai 500 don gwaji, nan da nan suka ƙare, aka aiko a ƙaro. A 1924 wani mawaƙin birni, Vernon Dalhart, ya ari muryar karkara ya rera waƙar hatsarin jirgin ƙasa da ta ɗan fursuna, faifan ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Daga nan idon kamfanoni ya buɗe. Da ma suna cikin damuwa, domin rediyo ya fara shiga gidajen mutanen birni yana kashe musu kasuwa, alhali yawancin ƙauyuka ba lantarki, garmahon da a ke wanawa da hannu shi ne abin nishaɗinsu.

A nan ya kamata mu bayyana wata doka, zama in ba a gane ta ba ba za a gane sauran labarin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ce kowane faifai aka buga, kamfani zai biya santi 2 ga mai waƙar da ke cikinsa. Santi 100 ke yin dala ɗaya. Mai waƙa a wurin doka kuwa shi ne wanda aka yi wa rajista, ko da wani ne ya rera. Tsohuwar waƙar da ba a san mai ita ba, babu wanda za a biya. Peer ya hango inda kuɗi ya ke kwance. Sa'ad da ya koma aiki da Victor, sai ya yarda a ba shi albashin dala 1 a shekara, bisa sharaɗin haƙƙin waƙoƙin da ya samo ya zauna a hannunsa. Saboda haka irin waƙar da ya ke nema ita ce mai ƙanshin da, wadda kuma za a iya rubuta sunan wani a ƙarƙashinta a ce sabuwa ce. A 1928 ya kafa kamfaninsa na riƙon waƙoƙi, Southern Music. Su kuma kamfanonin faifai suka raba kundin tallansu biyu, na fari dabam, na baƙi dabam, ko da kiɗan iri ɗaya ne.

Kwana 12 A Biristol

Biristol gari ne wanda iyakar jihohi biyu ta bi ta tsakiyar babban titinsa, hannun nan Bajiniya, hannun can Tenesi. Nan Peer ya sauka cikin watan Yuli na 1927, shi da injiniyoyi biyu, ya kama hayar bene a sito na wani kamfanin huluna, aka rataya barguna a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Ya zo da sabuwar na'ura mai makirfo na lantarki, irin wadda aka fara aiki da ita a 1925, mai iya kama muryar mace da sautin jita sarai. Allura ce ke zana murya a kan faifan kaki. In mawaƙi ya yi kuskure sai a sake daga farko, kuma ba a wuce kamar minti 3.

Da fari mutane ba su zo da yawa ba. Sai jaridar garin ta buga labari cewa Ernest Stoneman, wani kafinta na yankin, ya sami dala 3,600 na la'adar fayafayansa a shekarar da ta wuce. Wannan kuɗi ya ninka abin da manomin dutse ke samu a shekara sau da yawa. Kafin a ce me, makaɗa sun fara ɓullowa ta kowace kusurwa, waɗansu a mota, waɗansu a jirgin ƙasa. Daga ran 25 ga Yuli zuwa ran 5 ga Agusta aka ɗauki waƙoƙi 76 daga mawaƙa da ƙungiyoyi 19, ana biyan dala 50 kowace waƙa, da alkawarin la'ada in faifai ya sayu. Biyu daga cikin 19 ɗin nan su suka sa har yau a ke tunawa da Biristol.

Iyalin Carter

Na farko iyali ne na mutum uku daga Maces Spring, wani ɗan ƙauye a gindin dutsen Clinch cikin Bajiniya, kamar mil 25 daga Biristol. Maigidan, A. P. Carter, an haife shi a 1891, sana'arsa yawon sayar da dashen itatuwan marmari. Matarsa Sara ita ke jan waƙa, da wata murya mai kauri wadda ba ta rawa. Ta ukunsu Maybelle, 'yar'uwar Sara ce, kuma matar ƙanen A. P., shekarunta 18, ga ta da tsohon ciki. Motar da suka shiga ma ta aro ce daga mijin Maybelle, bisa alkawarin A. P. zai nome masa gonar masara. Suka yini a hanya saboda rashin kyanta. Ran 1 da ran 2 ga Agusta suka rera waƙoƙi 6, suka karɓi kuɗinsu, suka koma gona.

Fayafayan suka sayu ƙwarai, har a 1928 Peer ya kira su Camden, babban gidan Victor, ya ƙara ɗaukarsu. Abin da ya fi ba makaɗa mamaki shi ne hannun Maybelle. Kafin ita, jita 'yar rakiya ce kawai a bayan goge. Ita kuwa sai ta riƙa fid da karin waƙar da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu suna share na ƙasa suna riƙe amo, har mai sauraro ya zaci mutum biyu ke kaɗawa. Dubban samari suka koyi jita ta wajen kwaikwayon fayafayanta.

Tsakanin 1927 da 1941 sun ɗauki waƙoƙi kusan 300. Auren A. P. da Sara ya mutu a 1936, amma suka ci gaba da waƙa tare don abinci. Daga 1938 suka shiga aiki da wani gidan rediyo mai suna XERA, wanda aka gina a tsallaken iyaka cikin ƙasar Meziko don a kauce wa dokar Amurka mai ƙayyade ƙarfin tasha, muryarsu ta riƙa kaiwa kusan ko'ina cikin ƙasar da dare. A 1943 ƙungiyar ta watse. A. P. ya koma ƙauyensu ya buɗe ɗan kanti, ya rasu a 1960. Maybelle ta ci gaba da 'ya'yanta mata uku, ɗayarsu, June, ita ta auri shahararren mawaƙin nan Johnny Cash a 1968.

Mai Ƙafa Ɗaya

To, waƙoƙi kusan 300, ina mutum uku suka same su? Peer yana bukatar sababbi kowace shekara, sai A. P. ya zama mafaraucin waƙa. Ya bi ƙauyuka gida gida, da garuruwan masu haƙar kwal, da majami'u, yana tambaya ko akwai mai tsohuwar waƙa. In ya samu ya kawo gida, ya gyara baiti, ya cike giɓi, Sara da Maybelle su daidaita kari, a yi rajista da sunansa. Amma yana da rauni guda, yana iya rubuta kalmomi, kari kuwa kafin ya iso gida ya ɓace masa.

Wajen 1928 ya gamu da wani saurayi baƙar fata a garin Kingsport, sunansa Lesley Riddle, haifaffen 1905. Hatsari a masana'antar siminti ya cinye masa ƙafa ɗaya, cikin jinya ya duƙufa kan jita har ya ƙware. Suka shiga yawo tare shekara da shekaru, A. P. yana rubuta baiti, Riddle yana haddace kari, in sun dawo ya zauna ya koya wa matan. Ya kuma ba su waɗansu waƙoƙi nasa da na cocin baƙar fata, Maybelle ta ɗauki waɗansu dabarun yatsa daga gare shi. Tafiyar kuwa ba ta da sauƙi, domin a jihohin kudu na lokacin ba kowane masauki ko gidan abinci ke karɓar baƙi da fari tare ba.

Sunan Riddle bai fito a kan ko ɗaya daga cikin fayafayan nan ba. A 1942 ya ƙaura zuwa Rochester a jihar Niyok, daga baya ya sayar da jitarsa. Sai a 1965 wani mai binciken kiɗan gargajiya, Mike Seeger, ya ji labarinsa daga bakin Maybelle, ya neme shi, ya lallashe shi ya sake kama jita, ya ɗauki muryarsa. Ba mu faɗi wannan don mu ɓata A. P. Carter ba. Da bai yi yawon nan ba, da waƙoƙi da yawa sun bi tsofaffin da ke riƙe da su kabari, kuma abin da ya yi shi ne al'adar cinikin a zamaninsa. Amma takardar rajista gurbin suna ɗaya aka cike a cikinta, la'ada kuwa sunan da ke takarda ta ke bi.

Ɗan Birkin Jirgi

Na biyun da Biristol ta fito da shi shi ne Jimmie Rodgers. An haife shi a 1897 kusa da Meridian cikin jihar Misisifi. Ubansa shugaban leburorin gyaran hanyar jirgi ne, uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Ya fara da kai wa leburori ruwan sha, yawancinsu baƙar fata, yana jin waƙoƙin da su ke yi suna daidaita dukan guduma. Daga baya ya zama mai kula da birkin jirgi. A 1924 likita ya gaya masa yana da tarin fuka, cutar da a lokacin ba ta da magani. Aikin jirgi ya fara gagararsa, sai ya koma neman abinci da jita.

Ya zo Biristol tare da waɗansu makaɗa, suka sami saɓani, suka rabu, ran 4 ga Agusta ya tsaya gaban makirfo shi kaɗai ya rera waƙoƙi 2, aka ba shi dala 100. A watan Nuwamba ya bi Peer har ya sa aka sake ɗaukarsa a Camden. Nan ya rera waƙar da ta ɗaukaka shi, wadda ya gina bisa tsarin bulus na baƙar fata, a ƙarshen kowane baiti kuma ya karya murya ya cilla ta sama kamar mai guɗa. Faifan ya sayu dubbai ɗaruruwa. Waƙoƙinsa na matafiya ne da 'yan caca da fursunoni da mai kewar gida, har da cutar da ke cinsa, yana yi da fara'a kamar yana hira da kai. A 1930 ya yi faifai tare da Louis Armstrong, babban mai busa ƙaho baƙar fata, amma ba a rubuta sunan Armstrong a kan faifan ba. Akwai kuma 'yar'uwar matarsa, Elsie McWilliams, mai kiɗan coci, wadda ta taimaka masa wajen tsara waƙoƙi kusan 40, sunanta bai fito a kan dukansu ba.

Faɗuwar ciniki da ta sami Amurka daga 1929 ta karya kasuwar faifai, cuta kuma tana ƙaruwa, har ya sayar da gidan da ya gina a Tekzas. A watan Mayu na 1933 ya tafi Niyok don ya bar wa iyalinsa wani abu. Aka kafa masa ɗan gado a ɗakin ɗaukar murya, ya rera waƙa ya kwanta ya huta, ya tashi ya sake. Kwana 2 bayan ya gama, ran 26 ga Mayu, ya rasu a masaukinsa yana da shekara 35. Jirgin ƙasa ya kai gawarsa Meridian. Cikin shekara 6 ya bar waƙoƙi kamar 110. Fayafayansa sun ƙetare teku har Afirka. A 1950 wani mai tattara kiɗa, Hugh Tracey, ya tarad da mutanen Kipsigis na ƙasar Kenya suna wata waƙa da su ke kira Chemirocha, watau sunan Jimmie Rodgers ne ya juye a bakinsu.

Daren Asabar A Nashbil

Faifai ya adana waƙa, amma rediyo ya kai ta gida gida. A 1925 wani kamfanin inshora ya buɗe tashar WSM a Nashbil don tallan hajarsa. Ran 28 ga Nuwamba na shekarar, mai gabatarwa George D. Hay ya zaunar da wani tsoho ɗan shekara 77, Jimmy Thompson, ya yi ta goge a gaban makirfo, wasiƙu suka yi ta zuwa. Shirin ya zama na kowane daren Asabar, a 1927 Hay ya laƙaba masa suna Grand Ole Opry, yana zolayar kiɗan manyan birni da a ke sawa kafinsa. Har yanzu ana yin shirin.

Tauraronsa na farko Dave Macon ne, haifaffen 1870, wanda ya yi shekara 20 yana sufurin kaya da keken alfadarai. Da motocin lori suka kashe masa sana'a, sai ya ɗauki banjo, ya shiga kiɗan kuɗi yana da shekara fiye da 50, yana juya banjo a iska yana ba'a, har ya rasu a 1952. Na biyunsa DeFord Bailey, baƙar fata, jikan bayi, haifaffen 1899. Shan inna ya kama shi yana da shekara 3, ya yi wata da watanni a kwance, ba abin wasa sai ɗan abin busa na baki da a ke kira harmonika. Da shi ya koyi kwaikwayon jirgin ƙasa da karnukan farauta, har mai sauraro ya rantse jirgi ne ke wucewa. Ya yi kamar shekara 15 yana cikin waɗanda aka fi so a shirin. In an fita yawon wasa, jama'a su yi masa tafi, amma a hana shi masaukin da abokan tafiyarsa suka sauka.

A 1941 rigima ta tashi tsakanin gidajen rediyo da ƙungiyar da ke karɓar wa masu waƙa la'ada, aka hana sa waƙoƙin da ke rajistar ƙungiyar, cikinsu har da waɗanda aka san Bailey da su. Cikin wannan hali tashar ta sallame shi. Sauran rayuwarsa da goge takalma ya ci abinci a Nashbil, har ya rasu a 1982. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wanda ko wannan bai samu ba. Bill Monroe, haifaffen 1911 a Kentaki, wanda ya kafa wani reshe na kiɗan nan mai saurin gaske, ya sha faɗi cewa tun yana yaro ya koyi abu mai yawa wurin wani baƙar fata mai jita da goge, Arnold Shultz. Shultz ya rasu a 1931 ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba ko sau ɗaya.

Hank Williams

A 1942 mawaƙi Roy Acuff da wani gwanin tsara waƙa, Fred Rose, suka kafa kamfanin riƙon waƙoƙi a Nashbil, don marubutan waƙar karkara su daina sayar da aikinsu a kan 'yan daloli kaɗan, haƙƙi da la'ada su zauna kusa da gida. A 1946 wani siririn saurayi daga Alabama ya shigo ofishinsu da waƙoƙinsa. Shi ne Hank Williams, haifaffen 1923. Ya tashi cikin talauci, ubansa ya daɗe a asibiti, shi kuwa yana tallan gyaɗa da goge takalma a titi. Nan ya manne wa wani baƙar fata mai kiɗan titi, Rufus Payne, yana binsa yana koyon jita, ana biyan malamin da abinci ko 'yan kuɗi kaɗan. Bayan ya shahara, Hank bai ɓoye ba, ya ce wurin mutumin nan ya sami iyakar karatunsa na kiɗa. Payne ya rasu a Montgomery a 1939, aka binne shi ba ko alama a kan kabarinsa.

Hank ya bambanta da na gabansa da abu guda, yawancin waƙoƙinsa daga cikinsa suka fito. Kalmomi ne ƙanana irin na kowa, a kan kaɗaici da kishi da nadama da tsoron lahira, Rose yana taimakonsa da gyara. A 1949 ya hau dandalin Opry, jama'a suka yi ta neman ya maimaita. A 1951 mawaƙin birni Tony Bennett ya ɗauki wata waƙarsa ta zama ta ɗaya a kasuwar ƙasa duka, mutanen Niyok suka shiga neman waƙar ɗan ƙauye da kuɗinsu. Amma yana fama da ciwon baya tun haihuwa, ya haɗa giya da magungunan kashe zafi, aurensa ya mutu, a 1952 Opry ta kore shi saboda maye da saɓa alkawari. Ran 1 ga Janairu 1953 aka tarad da shi ya mutu a kujerar bayan mota a garin Oak Hill, cikin Bajiniya ta Yamma, ana kan hanyar kai shi wasa. Shekarunsa 29.

Gyaran Da Ya Zo Daga Baya

A 1961 masu cinikin kiɗan nan suka buɗe kundin girmamawa a Nashbil. Sunaye uku na farko su ne Jimmie Rodgers da Fred Rose da Hank Williams. Dave Macon ya shiga a 1966, iyalin Carter a 1970. DeFord Bailey sai a 2005, shekara 23 bayan rasuwarsa. Muryar Lesley Riddle da Mike Seeger ya ɗauka an fid da ita a faifai a 1993. An kafa dutsen tunawa da Rufus Payne a maƙabartar da ya ke, ko da ya ke ba a iya nuna ainihin kabarin ba. A 1998 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da Biristol a matsayin mahaifar kiɗan karkara, a 2014 aka buɗe gidan tarihi a can.

Waɗanda aka iya yi wa gyaran nan su ne waɗanda wani ya ambaci sunansu tun da sauran masu tunawa. Maybelle ta ambaci Riddle, Hank ya ambaci Payne, Monroe ya ambaci Shultz. Tsofaffin matan da A. P. Carter ya zauna a ƙofar gidansu yana rubuta baiti, da leburorin da Jimmie Rodgers ya kai wa ruwa, waƙarsu tana nan ana ji a ko'ina cikin duniya, sunansu kuwa ya tafi. Ku akawuna da malaman makaranta, da aikinku ya ke riƙon alƙalami, kun fi kowa sanin yadda abin da ke rajista ya ke rinjayar abin da ke baki in an zo shari'a. In wata rana wani dattijo ya ba ɗayanku waƙa ko labari ya rubuta, to, ya rubuta har da sunan dattijon da garinsu da ranar da ya karɓa.